Wajibcin Auna Zafin Sinadarai Masu Fashewa

Duk wanda ya yi nazarin musibar da ta auka wa birnin Bairut ranar 4 ga Agusta 2020, sa'ad da kimanin tan 2,750 na amoniyam naitiret, wanda aka jibge shekara shida a wani sito na tashar jiragen ruwa, ya tarwatse ya hallaka mutane fiye da 200, lalle zai gane cewa sakaci da ilmi ne asalin bala'in, domin tun hatsarin fashewar amoniyam naitiret a Texas City a 1947 masana suka san halin wannan sinadari.

Hanyar binciken halin irin wannan sinadari idan ya sha zafi kuwa mai hikima ce ƙwarai. Akan ɗauki 'yar ƙwayar sinadarin da ba ta wuce miligiram kaɗan ba, a sa ta cikin na'ura, a riƙa ƙara mata zafi sannu a hankali, wata na'urar tana auna zafin da take sha ko take fitarwa, wata kuma tana auna raguwar nauyinta, har a tabbatar da daidai matakin da take fara rugujewa. Ta haka aka san amoniyam naitiret yana narkewa wajen digiri 170, kuma idan ya gauraya da ƙazanta, ko aka kulle shi inda hayaƙinsa ba ya samun mafita, rugujewarsa takan yi sauri ta rikiɗe ta zama fashewa.

A ganina, wajibi ne hukumomin kowace tashar jiragen ruwa su riƙa aika samfurin kayan da suka daɗe a ajiye zuwa ɗakunan bincike na jami'o'i, kuma a ba malaman kimiyya ikon umartar a kwashe su nan take.