Daga Ƙanƙara zuwa Zanzibar: Ka nemi izini kafin ka ɗaga wa mutum waya

Ɗauki wayarka yanzu, ka buɗe Google, ka rubuta Kankara. Ba sai na faɗa maka abin da zai fito ba. Labarin daren 11 ga Disamban 2020 ne, lokacin da 'yan bindiga suka kwashe ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta garin, da hotunan yara 344 da aka sako bayan kwana shida, ƙafafunsu duk ƙura. Ka gwada Faskari ko Sabuwa, kusan duk kanwar ja ce. Sai ka yi ta gangarawa ƙasa kafin ka ga an ambaci masarar da ake nomawa a yankin, ko kasuwar Sheme, ko dam ɗin Mairuwa.

To yanzu rubuta Zanzibar. Farin yashi, shuɗin ruwa, bishiyar kwakwa, da wata Baturiya kwance a kujera. Shi ke nan. Kamar babu masu zuwa gona a tsibirin, babu 'yan makarantar allo, babu mai bin wani bashi.

Ni mutumin Ƙanƙara ne, ko da yake aiki ya ajiye ni a Kaduna, kuma na kai iyalina Zanzibar hutun mako guda bayan mun daɗe muna tari. Abin da na dawo da shi shi ne: zaluncin da waya ta yi wa garinmu, irinsa take yi wa nasu, sai dai nasu an shafa masa zuma. Kuma mu da muka san zafin abin, bai kamata a same mu cikin masu yi wa wasu ba.

Bari in fara da ba wa wayar haƙƙinta, don ba na cikin masu cewa a jefar da ita. Ba don ita ba da tafiyar ba ta yiwu ba. A kanta na cike takardar neman bizar Tanzaniya tun daga gida, a kanta na sayi tikitin jirgin da ya ɗauke mu daga Kano ya bi ta Addis Ababa. A kanta ake biyan inshorar dole ta dala 44 da gwamnatin Zanzibar ta ɗora wa baƙi tun 1 ga Oktoban 2024, wadda idan kuna da yawa a gida sai ka saka ta cikin lissafi tun da wuri. Cajarka mai baki uku za ta shiga soket ɗinsu ba tare da ka sayi komai ba. Layin waya kuwa, fasfonka kawai za ka nuna a yi maka rajista. Sannan tun farkon 2023 ana iya sauke Hausa a manhajar Google Translate ta yi aiki ko babu data, haka ma Swahili. Ka sauke su biyun kafin ka bar gida.

Matsalar ta fara ne a rana ta biyu, a ƙauyen Jambiani da ke gabashin tsibirin Unguja. A can idan ruwan teku ya janye, mata kan shiga da zannuwansu su duba ciyawar teku da suke nomawa, a ɗaure a jikin igiyoyi tsakanin turaku. Sana'a ce, da ita ake ciyar da gida. Ƙanena, wanda ke da mabiya a TikTok, ya tsaya kan wata dattijuwa ya saita mata kyamara, ko sallama babu. Matar ba ta ce uffan ba. Ta ja mayafinta ta rufe fuska, ta juya mana baya, ta ci gaba da aikinta.

Nan take na tuna Ƙanƙara a makon da aka sace yaran. Baƙi sun cika gari da kyamarori, ana saita su kan iyaye mata suna kuka a ƙofar makaranta. Ban ce 'yan jarida sun yi laifi ba. Ba don duniya ta gani ba, wa ya san yadda lamarin zai ƙare. Amma ban da su akwai masu wayar hannu da suka ɗauki hawayen uwar wani suka ɗora don a bi shafinsu, ba su tambayi ko sunan ɗanta ba. Wannan juya bayan da dattijuwar Jambiani ta yi, na san shi. Na gan shi a gida.

Ƙanen nawa bai yarda nan da nan ba. Ya ce, "Yaya, ai kuɗinmu muka biya muka zo, kuma tallata musu gari nake yi." Akwai gaskiya a rabin maganar. Yawon buɗe ido na cikin manyan hanyoyin samun kuɗin tsibirin, kuma mai kwalekwale ko mai sayar da abinci zai so a nuna shi. Amma kuɗinmu otal muka ba wa da kamfanin jirgi, ita ba mu ba ta ko sisi ba. Kuma da wani baƙo zai shigo gonar mahaifiyarmu ya fara ɗaukar ta tana roron wake ba tare da ya gaishe ta ba, shi ɗin nan ne zai fara cin kwalarsa.

Washegari muka sake dabara. Wayoyi suka koma aljihu, muka koyi kalmomi kaɗan. Idan za ka shiga gida ka ce hodi, a amsa maka da karibu. Idan ka ga babba ka ce shikamoo, ya ce marahaba. Sallama kuwa irin tamu ce, tunda kusan duk mutanen tsibirin Musulmi ne. Daga nan ne abin mamaki ya fara fitowa, domin Swahili da Hausa duk sun sha daga Larabci. Su ce habari, mu ce labari. Su ce hatari, mu ce haɗari. Sabuni sabulu ne, kalamu alƙalami, akili hankali, riziki arziki, asubuhi asuba, dakika daƙiƙa. Alhamisi da Ijumaa ba sai an fassara maka ba. 'Yata mai shekara tara ta mayar da abin wasa, ita da jikar mai gidan da muka sauka suka zauna a baranda suna nuna abubuwa, kowa na faɗin sunan da yarensu, idan ya zo ɗaya su fashe da dariya. Sun fi awa biyu a haka, babu wadda ta nemi a kunna mata katun.

Manhajar fassara kuma, a nan na gane iyakarta. Tana da amfani wajen tambayar farashi a kasuwar Darajani ko karanta allon sanarwa. Amma ta kusa sa mu rasa mota. Direba ya ce mu fito saa moja, wato ƙarfe ɗaya idan ka bi kalmomin. Ashe Waswahili daga fitowar rana suke fara ƙirga awa, don haka saa moja da safe ƙarfe bakwai ne. Mai gidan ne ya zaunar da ni ya yi mini bayani da yatsunsa, yana dariya. Haka a masallaci da asuba, na ga liman ya ɗaga hannu yana alƙunutu a bayyane bayan ruku'u, saboda yawancinsu mazhabar Shafi'i suke bi, mu kuwa Malikawa ne. Bayan sallah wani dattijo ya tambaye ni daga ina, na ce Najeriya, arewa. Ya gyaɗa kai cikin tausayi, alamar ya ga labarinmu a waya. Sai na tsinci kaina ina ba shi labarin damina, da buhunan masara da ake lodawa a motoci daga Sabuwa da Ɗandume zuwa kudu. Shi kuma ya ba ni labarin kanumfarin Pemba, wanda muke sakawa a kunun aya ba mu taɓa tambayar daga ina yake zuwa ba.

Wani zai ce wannan hirar masu hali ce, mutum nawa a Faskari ke da kuɗin jirgi zuwa Tanzaniya? Gaskiya ne, kaɗan ne. Amma halin ba ya buƙatar biza. Matashin da ya je ci-rani Legas ya shiga kwalekwale zuwa Tarkwa Bay ranar Lahadi, da ɗalibar da ta koma ƙauye da sallah ta fara ɗaukar tsofaffi da almajirai tana ɗorawa da waƙar ban tausayi, duk abu ɗaya ne. Mu kuma mun taɓa ɗanɗana rayuwa babu sabis. A watan Satumban 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, ciki har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, aka shafe watanni a haka. Ba na kewar lokacin ko kaɗan: kasuwanci ya tsaya, tura kuɗi ya gagara, mutane suka koma ba direbobi wasiƙa a tasha. Abin da kawai na riƙe daga ciki shi ne, wanda yake son jin lafiyarka sai ya tako ya zo, ya yi sallama, ya zauna. Ba mu manta yadda ake yi ba.

Ana gobe za mu tafi, ƙanen nawa ya koma bakin ruwa shi kaɗai. Ya gaishe da dattijuwar da shikamoo, ya cire takalmi ya taya ta jan buhun ciyawar zuwa tudu. Da suka gama ya nuna mata wayar, ya rubuta tambayarsa manhaja ta fassara. Ta ce a'a ga hoton fuskarta, amma ta yarda ya ɗauki hannayenta da igiyoyin. Bidiyon daƙiƙa 20 ne, kuma kafin ya ɗora sai da ya kai wa ɗanta ya gani. Lambar ɗan tana wayarsa har yau. Da ƙaramar sallah shi ya fara turo mana gaisuwa ta WhatsApp, yana tambayar ko an fara ruwa a Ƙanƙara.