Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ƙananan 'Yan Kasuwa Masu Shafin Intanet



Da yawanku kun biya an gina muku shafi, kun gan shi a kwamfutar mai ginawa, ya burge ku. Amma mai neman atamfarku ko turarenku da waya yake zuwa, da 'yar datarsa ta kwana ɗaya. Hoto ya ƙi buɗewa, rubutu mitsi-mitsi, farashi ya ɓuya. Sai ya tafi wajen wani, ku ba ku ma san ya zo ba. Wannan asarar tana damuna.

Tun 2015 Google ke fifita shafukan da suka dace da waya. Don Allah ku buɗe naku a ƙaramar Tecno ku gani. A rage nauyin hotuna, a sa maɓallin kira da na WhatsApp inda ido zai fara sauka.

Naku,
ɗan'uwanku mai sayayya