Kiwo: allurar kasuwa ta fara gazawa a kan shanu

A kasuwannin dabbobi na Dakoro, Abalak ko Tanut, ana sayar da oksitetrasiklin bisa tebur, ba takardar likita. Makiyayi kan yi wa saniya allura ɗaya, da ta miƙe ya dakata. Ƙwayoyin cutar da suka tsira su ne masu taurin kai: sukan hayayyafa, su bazu a bakin rijiya. Ranar da ciwon ya dawo, allurar ba ta aiki. Ragowar maganin kuma na bin nono da nama har gidajen birni.

Gwamnati na yin rigakafin ciwon huhu kyauta kowace shekara. Amma muddin ɗan tebur ya fi likitan dabbobi kusa, wurinsa makiyayi zai je.