Inshora Ba Ta Jan Mota a Hanyar Ajingi

Tun Janairun 2023 hukumar NAICOM ta ɗaga kuɗin inshorar dole ta ƙananan motoci daga naira 5,000 zuwa 15,000, kuma da yawa daga cikin direbobin Gaya da Ajingi suna ɗauka wannan takarda za ta cece su idan mota ta mutu a hanya. Ba haka ba ne. Ɓarnar da ka yi wa wani take biya. Idan injinka ya buga tsakanin Wudil da Gaya bayan magariba, kai da aljihunka ne, mai jan mota kuma sai ya yanka maka abin da ya ga dama.

Shi ya sa nake ganin ya fi dacewa direbobin kowace tasha su kafa asusun adashi na musamman, su daidaita da bakanike ɗaya da mai jan mota ɗaya kan farashi tun kafin matsala ta zo. Za a ce kuɗin taro ba sa kwana, wani zai cinye. Wannan tsoro gaskiya ne, amma maganinsa sananne ne: a ajiye kuɗin a banki da sa hannun mutum uku, kada a biya bakanike sai motar ta tashi. Inshorar da ta haɗa komai kuwa, tsadarta ta fi ƙarfin mai tsohuwar Golf.