Panshekara da Tatsuniyar Sauƙin Bayan Gari

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a ofisoshin Kano da majalisun bayan la'asar: wai wanda ya gaji da hayaniyar birni, da tsadar haya, da gasar tufafi da motoci, to ya sayi fili a bayan gari ya huta. Dillalan filaye sun haddace ta kamar karatun allo. Za su nuna wa mutum fegi a wajen Panshekara, su ce ga iska, ga sarari, ga maƙwabta masu kunya, kuma kuɗin da zai kama ɗaki biyu a Nassarawa zai tayar masa da gida a nan. Malamin jami'a, da ma'aikacin banki, da likita, duk sukan saurara su gyaɗa kai, domin maganar ta dace da abin da zuciya ke so. Sai dai maganar ba gaskiya ba ce, kuma Panshekara ɗin da ake kafa hujja da ita, ita ce ta fi kowane wuri ƙaryata ta.

Kafin a yi gardama, ya kamata a san abin da ake kira sauƙin rayuwa. Rayuwa mai sauƙi ita ce wadda buƙatunta ba su da yawa, kuma biyan su ba ya cinye yinin mutum da albashinsa. Mutum ya buɗe famfo ya sami ruwa, ya taka da ƙafa zuwa masallaci da kasuwa da makarantar 'ya'yansa, ya dawo gida da sauran ƙarfi a jikinsa. Idan aka auna da wannan ma'auni, yawan itatuwan unguwa da nisanta daga Kantin Kwari ba su da wani tasiri. Abin dubawa shi ne abubuwa nawa ne magidanci zai yi wa kansa, waɗanda da a ce gari ya tsaru, da gari ne zai yi masa.

A fara da ruwa, tunda nan ne abin ya fi ban takaici. A gefen Panshekara, a bakin kogin Challawa, aka kafa gidan ruwan famfo na farko a Kano, a farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, da kuɗin baitulmalin En'e. Daga nan aka ja bututu zuwa birni. Ke nan wannan yanki ya kusa cika shekara ɗari yana shayar da Kano. Amma wanda ya gina gida a sababbin unguwannin da ke kewaye da shi a yau, abu na farko da zai sa a lissafinsa shi ne haƙa rijiyar burtsatse, da sayen injin tura ruwa, da tanki, da abin da zai kunna injin. Wanda bai da halin haka, 'yan garuwa ne gidan ruwansa, yana sayen jarka-jarka daga kura, farashin yana tashi duk lokacin da rani ya tsananta ko mai ya yi tsada. Hausawa sun ce ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. A bayan garin Kano karin maganar ta koma dokar zama: kowa ya tona nasa, kuma yayin da kowa ke tonawa, ruwan yana ƙara nisa.

Haka zancen wuta yake. A ƙaramar hukumar Kumbotso, wadda Panshekara ke cikinta, babbar tashar da ke karɓo wa Kano lantarki daga babban layin ƙasa take. Wannan maƙwabtaka ba ta hana magidancin yankin sayen janareta ko sola da batura ba. A sabuwar unguwa, mazauna ne kan haɗa kuɗi su sayi turakun wuta da waya, wani lokaci har da taransifoma. Su ne kuma za su biya 'yan sintiri, su zuba burji a layi idan damina ta kama, su nemi mai kwashe shara. Mutumin da ya bar birni don ya rage ɗawainiya ya wayi gari shi ne hukumar ruwa, shi ne kamfanin lantarki, shi ne ma'aikatar ayyuka, shi ne ofishin 'yan sanda. An sayar da kare an sayi biri.

Sai tafiya. Ofishin bai biyo mutum Panshekara ba, haka asibitin ƙwararru da makarantar da yake so wa 'ya'yansa. Tun daga watan Janairun 2013, lokacin da gwamnatin Kano ta hana acaɓa bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero, A Daidaita Sahu ya zama ƙafar talakan bayan gari. Kano kuwa ba ta da jirgin ƙasa na cikin gari, ba ta da tsarin manyan motocin haya da mutum zai dogara da lokacinsu. Da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura 1,000. Rarar da aka samu a kuɗin haya sai ta zurare a gidan mai. Akwai kuma asarar da ba a rubuta ta a takarda. A ce mutum yana kashe awa biyu kullum a hanya, zuwa da dawowa. A mako guda ya ba titi awa goma, fiye da yinin aiki cikakke. Yaran da aka ce an kai su inda za su sha iska sukan fita da duku-duku, su dawo a gajiye, su ga mahaifinsu bayan isha.

Iskar ma da ake tallatawa sai an yi mata tambaya. Panshekara ƙauye ce a bakin dillali kawai; a zahiri maƙwabciyar rukunin masana'antu na Challawa ce, inda kamfanonin jima suke, kamar yadda suke a Sharada. Jimar zamani tana aiki da sinadarin kuromiyam da wasu magunguna masu guba, kuma shekara da shekaru gurɓataccen ruwan masana'antun yankin yana gangarawa kogin Challawa, na Sharada ta rafin Salanta. A ɗaya gefen birnin, na Bompai yana bi ta Getsi ya shiga Jakara. Manoman rani suna ban ruwa da irin wannan ruwa, kayan lambun kuma suna komawa kasuwannin birni. Wanda ya taɓa bin hanyar Challawa da yamma ya san warin da ake magana. Abin da ya fi muni shi ne, yawancin masana'antun da suka jawo mutane yankin sun durƙushe tun bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986, da matsalar wuta, da kwararowar kayan waje. Aikin ya ragu, dattin bai tafi ba.

Mai kare wannan ra'ayi zai ce ai laifin bayan gari ne, wanda ba birni ba ba ƙauye ba. Da a ce ƙauyen asali ne, da an ga sauƙi. Tarihin wannan yanki bai goyi bayansa ba. Baturiyar nan Polly Hill ta yi bincike a Dorayi lokacin tana karkara, ta buga littafinta a 1977, kuma abin da ta tarar shi ne cunkoson jama'a, ƙarancin gona, da magidanta masu yawa da ba sa noma abin da zai kai su shekara. Michael Mortimore, wanda ya daɗe yana nazarin karkarar da ke kewaye da Kano, ya nuna yadda jakuna ke shiga birni da itace su fito da taki da toka zuwa gonaki. Wato ko a wancan zamani, ƙauyen kusa da Kano da birnin yake numfashi. Kuma sauƙin da baƙo ke hange a ƙauye, wani ne yake ɗauke da nauyinsa: matar da ke surfe da daka, yarinyar da ke ɗebo ruwa, yaron da ke neman itace. Wanda ke kallo daga tagar mota ba ya ganin su a lissafi.

Ba a Kano kaɗai ake wannan ruɗu ba. Henry David Thoreau, wanda Turawa ke ɗauka limamin rayuwar ƙanƙan da kai, ya zauna a bukkarsa ta bakin tafkin Walden a Amurka daga 1845 zuwa 1847. Amma filin na abokinsa Emerson ne, kuma garin Concord yana kusa, yana zuwa da ƙafa a kai a kai. Ƙana'arsa ta yiwu ne saboda gari yana bayansa. Unguwannin bayan gari na Amurka da suka bunƙasa bayan Yaƙin Duniya na Biyu kuwa, a kan arhar mai da manyan titunan gwamnati suka tsayu. Kano ta kwaikwayi nisan, ta bar titunan da bututun.

Adalci ne a faɗi abin da ke jawo mutane. Haya a cikin birni ta fi ƙarfin mai albashi, kuma burin mutum ya kwana a ɗakin kansa buri ne mai daraja. Leburan kamfani da ƙaramin ma'aikaci da suka tare a Panshekara ba su zaɓi wata falsafa ba, abin da aljihu ya iya ke nan, kuma babu mai zarginsu. Zargin yana kan masu ilimi da hali, waɗanda suka san abin da ake kira awon igiya, suka kuma saya. Awon igiya shi ne a yanka gona fegi-fegi ba tare da tsarin hukumar KNUPDA ba: babu filin makaranta, babu wurin asibiti, babu magudanar ruwa, layin kuma da ƙyar motar kashe gobara za ta shiga. Manomin da ya sayar ya karɓi kuɗi sau ɗaya, ya rabu da abin da ke ciyar da gidansa kowace shekara. Ba a daɗe ba sai a ga ɗansa yana gadin gidan da aka gina a gonar kakansa. Sauƙin da sabon mai gida ke taƙama da shi, a kan wannan aka aza tubalinsa.

Babbar illar tatsuniyar ita ce ta raba gari da masu iya yi masa magana. Lauya, da injiniya, da ɗan jarida, su ne ke da bakin da hukuma ke ji. Da zarar kowannensu ya haƙa burtsatsensa, ya ɗora solarsa, ya ja katanga, sai ya daina tambayar dalilin da ya sa famfo bai kawo ruwa ba. Har yakan kira wannan dogaro da kai. Maƙwabcinsa da ba shi da hali kuwa an bar shi da kurar 'yan garuwa da ruwan rafin Salanta.

Wanda ke neman sauƙi da gaske, kafin ya tambayi dillali faɗin fili, ya tambaye shi ina bututu ya tsaya, ina makaranta mafi kusa, minti nawa ne zuwa wurin aiki ranar Litinin da safe, kuma ina ruwan sama ke bi a watan Agusta. Wanda ya riga ya tare, ya fito daga bayan katangarsa ya shiga ƙungiyar unguwa, ya bi sawun kasafin kuɗin Kumbotso da na jiha, ya nemi a tilasta wa masana'antu tace ruwansu kafin su sake shi. Mutanen da suka ja bututu daga Challawa zuwa birni shekara casa'in da suka wuce sun fahimci cewa ruwan gida ɗaya aikin gari ne gaba ɗaya. Abin kunya ne a ce jikokinsu masu digiri suna zaune a bakin kogin, kowa da raminsa, suna kiran hakan hutu.