Raddi Ga Masu Cewa Kumburin Babbar Jijiya Ciwon Turawa Ne

Wata da'awa na yawo tsakanin wasu 'yan boko a Samaru, wai kumburin babbar jijiyar jini, wadda ke saukowa daga zuciya ta rabu biyu daidai cibiya ta nufi ƙafafu, ciwon Turawa ne, bai shafi baƙar fata ba. Hujjojinsu uku.

Ta farko, wai bincike a Amurka ya nuna fararen fata sun fi kamuwa. Ba mu musa ba. Amma ƙaranci daban, rashi daban. A Amurkar nan dai, toshewar jijiyoyin ƙafa ta fi addabar baƙaƙe, sai dai masu da'awar ba sa kawo wannan.

Ta biyu, wai ba kasafai ake ganin ciwon a asibitin koyarwa na Shika ba. To wa ya duba? Ciwo ne mai shiru, sau da yawa sai ya fashe ake sanin yana nan, kuma akasarin waɗanda ya fashe musu ba sa kai labari. Tun 2009 Ingila ta fara kiran maza 'yan shekara 65 ana yi musu sikanin ciki. In faɗin jijiyar ya kai santimita 3 a sa ido, in ya kai 5.5 a soma maganar tiyata. Mu kuwa, dattijo ya yanke jiki ya faɗi da hantsi a Sabon Gari, kafin la'asar an kai shi makwancinsa, ba a binciki gawa ba, a ce ajali. Ajali ne, babu ja, amma sababin bai shiga kundin kowa ba.

Ta uku ita ce mafi rauni: wai ciwon tsufa ne, mu kuma ba ma daɗewa. Likitocin Durban a Afirka ta Kudu sun bayar da rahoton kumburin jijiyoyi ga matasa masu ƙanjamau, kuma tarin fuka da tunjere ma suna cin bangon jijiya. Ga hawan jini, ga sigari, wadda ita ce kan gaba cikin sababan, a garin da ya daɗe da masana'antar taba.

Bambancin al'ummai gaskiya ne, sai dai ba ta inda suka ɗauke shi ba. A Hong Kong an auna an ga jijiyoyin ƙugun mutanen can sun fi na Turawa gajarta, abin da ke wahalar da sanya bututun da ake zurawa cikin jijiya. Su sun auna nasu kafin su yi magana. Mai cewa Bazazzagi ya tsira, ya kawo mana awon jijiyoyin Zazzagawa.