Kafin a haƙa ramin shara, a tambayi rijiya

Ƴan uwa ƴan kasuwa, maza da mata, yau maganarmu bisa shara take, amma gindinta maganar ruwa ce. Kowace safiya ana share rumfuna da bakin shaguna, a tara ɓawon albasa da ruɓaɓɓen tumatir, leda da kwali, matattun batura da gwangwanin fenti, sai mai amalanke ko motar ma'aikatar magajin gari ta zo ta kwashe. Da zarar ta sha kwana, mu dai mun huta. Kaɗan ne daga cikinmu ke tambayar inda aka kai ta. Alhali kuwa duk inda aka jibge ta akwai mutane zaune kusa, kuma ƙarƙashin ƙafafunsu akwai ruwan da suke sha.

Shi ya sa in aka ji mutanen wani ƙauye sun tashi tsaye sun ce ba su yarda a kafa babban juji a filinsu ba, bai kamata a yi gaugawar kiran su masu taurin kai ko maƙiyan ci gaba ba. Abin da ya wakana a ƙasar Senegal ya isa ya zama darasi gare mu, domin irin wannan rigima tana nan tafe a duk garin da ke ƙara faɗi, kuma namu garuruwan kullum faɗi suke yi.

A shekarar 1968 aka fara zubar da sharar birnin Dakar a wani wuri da ake kira Mbeubeuss, cikin yankin Malika. Tsohon tabki ne da ya ƙafe. Ba a shimfiɗa komi a ƙasansa ba, zubawa kawai aka shiga yi. Shekara bisa shekara jujin ya yi ta girma har ya zarce hekta 100, motoci suna sauke masa sama da tan 1000 a kowace rana. Yankin kuwa yashi ne, ruwa yana kusa, mutane suna noman garka suna kai kayan miya kasuwannin birni. Daga shekarar 2006 wata cibiyar bincike ta Dakar mai suna IAGU ta ɗauki shekaru tana awon ruwan rijiyoyin da ke kewaye da jujin, ta tarar sun gurɓata, ba su cancanci sha ba.

Ga yadda abin ke faruwa. In ruwan sama ya sauka bisa tulin shara, yana ratsa ta kamar yadda ruwa ke ratsa toka in za a yi ruwan toka. Sai dai abin da ke tsatsowa a nan baƙin ruwa ne mai wari, ɗauke da duk abin da ya tarar a hanya: dalma da zaiba daga batura da kayan lantarki, ragowar magani daga sharar likita, baƙin man mota, ƙwayoyin cuta daga kashi da mushe, da wani gishiri da ake kira nitrat. In ƙasar wurin yumɓu ce mai kauri, tana tare shi. In yashi ce, wucewa yake yi har ya iske ruwan ƙasa, ya bi shi sannu a hankali zuwa rijiyoyin maƙwabta. Abin tsoron shi ne, kafin ya isa rijiya launi da warin sun ɓace. Mata su ja guga su ga ruwa garau. Tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ta fitar da dalma, nitrat kuma ƙaruwa ma yake yi cikin tukunya in ruwan ya ƙone. Hukumar lafiya ta duniya OMS ta ce kada nitrat ya wuce miligiram 50 cikin lita guda, sabili da yana hana jinin jarirai ɗaukar iska. Dalma kuwa ƙwaƙwalwar yara take taɓawa, kuma ɓarnar da ta yi ba ta gyaruwa.

Da Mbeubeuss ya gallabi kowa, sai gwamnatin shugaba Abdoulaye Wade, wanda ya yi mulki daga 2000 zuwa 2012, ta yanke shawarar gina sabon wurin binne shara na zamani a Sindia, kimanin kilomita 60 daga Dakar bisa hanyar Mbour. An kashe kuɗɗi, an yi gini. Amma mutanen Sindia da na Diass suka ce sam. Sun ga abin da ya samu Malika, kuma sun san ƙarƙashin tudunsu akwai ruwa mai yawa, tunda daga wannan shiyya, wajen Pout, ake jan wani kaso na ruwan da Dakar kanta ke sha. Suka yi ƙorafin ba a shawarce su yadda ya kamata ba, suka yi zanga-zanga. Ƙarshenta wurin bai yi aikin da aka gina shi dominsa ba, sharar Dakar ta ci gaba da tafiya Mbeubeuss. Sai a 2020 Bankin Duniya ya amince da bashin dala miliyan 125 domin wani sabon shirin gyaran sha'anin shara a Senegal, wanda ya haɗa da gyara Mbeubeuss da rufe shi sannu-sannu.

To, wa ke da laifi? Ni a ganina mutanen Sindia suna da gaskiya da suka tsaya bisa ruwansu. In gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Laifin yana wuyan magabatan da suka fara gini kafin su samu yardar masu ƙasa. Amma mu dubi wanda ya biya kuɗɗin wannan kuskure: talakan Malika ne, wanda ya ƙara shekaru yana shaƙar hayaƙi kusa da rijiyar da ba ta shayuwa. Aikin da aka yi ba da shawara ba, ƙauye guda ya ƙi shi, wani ƙauyen ya ɗauki kayan.

Irin haka ta faru a Gana, ƙasar da fatakenmu suka sani sarai. An so gina wa birnin Akra wurin binne shara a Kwabenya, da tallafin Bankin Duniya. Mazauna wurin suka ƙi, suna tsoron cuta da gurɓatar ruwa da kuma tashin su daga gidajensu. A 2007 suka kai kuka rubuce ga kwamitin binciken bankin. Rahoton da ya fito a 2009 ya nuna ba a duba wasu wuraren da kyau ba kafin a tsaida Kwabenya, kuma ba a yi la'akari da cewa jama'a sun ƙaru a wurin tun bayan binciken farko ba. Ba a gina jujin ba. Wannan ya nuna talaka in ya haɗa kai ya riƙe takarda, maganarsa tana kai wa inda bai zata ba.

Mu a Nijar ba sai an ba mu labarin mugun ruwa ba. Garin Tibiri na nan kusa da Maraɗi. Daga 1985 aka shiga shayar da garin daga wata rijiyar burtsatse wadda ruwanta ke ɗauke da sinadarin fuluwor fiye da ƙima. Aka yi shekaru goma sha ana sha kafin a gane. Dubban yara suka taɓu, haƙora suka rine, wasu ƙafafunsu suka karkace har abada. A can shara ba ta da hannu, daga dutsen ƙasa sinadarin ya fito. Sai dai darasin guda ne: gubar ruwan ƙasa ba ta sallama, a jikin ɗiya ake ganin ta, kuma lokacin da aka gani an makara.

Dubi kuma yadda ruwa yake a garuruwanmu. Damagaram bisa dutse take zaune, daga Gogo da Machaya da Arunguza da Ganaram ake jawo mata ruwa, kuma kowa ya san abin da jarka ke kaiwa a hannun ƴan garuwa cikin bazara. Maraɗi da rijiyoyin burtsatse take sha, masu garka kuma da ruwan fadamar Gulbi suke aiki. Albasar Galmi da ta jahar Tawa baki ɗaya ban ruwa take so. Yamai tana da kogi, amma unguwannin bayan gari da yawa rijiya da burtsatsen masu zaman kansu suka dogara gare su. A wannan hali ne muka ɗauki al'adar cika tsofaffin ramukan ɗibar yashi da kududdufai da shara, domin rami ne da ke nan a banza. Ramin yashi kuwa shi ne mafi munin wurin zuba shara, tunda an riga an kwashe ƙasar da za ta tare ƙazanta, an kusantar da ita ga ruwa.

Iyayenmu mata na kasuwa, wannan magana taku ce kafin ta kowa. Mai fura da mai koko, mai lamurje da mai ƙanƙara, mai tuwo da mai wankin salati, jarinku ruwa ne. Ranar da aka ce rijiyar unguwa ta lalace, ko dai ku sayi ruwa daga nesa ribar ta tafi ga mai kura, ko ku yi aiki da wanda ke akwai, masu saye su fara gudu. Mahauci da mai rini da mai gidan wanka duk jirgi guda ya kwaso su. Ciniki da amana yake tafiya, kuma in sunan unguwa ya ɓaci da mugun ruwa, har filinta da gidajenta sai sun faɗi daraja.

Wani zai ce, in kowane ƙauye ya ƙi, ina za a kai sharar? Tambaya ce ta gaskiya. Shara bar ta cikin gari ita ma cuta ce, tana toshe magudanai da damina, tana tara sauro da ƙuda. Dole a samu wurin kai ta, kuma ana iya yin wurin da kyau. Wagadugu ta buɗe nata a Polesgo a 2005, Lome ta buɗe nata a Aképé a 2018. Wurin binne shara na ƙwarai ana zaɓar masa ƙasa mai yumɓu, inda ruwa ke da nisa, nesa da gulbi da fadama. Ana shimfiɗa masa roba mai kauri a ƙasa, a jera bututai masu tattara baƙin ruwan zuwa inda za a tace shi, a riƙa rufe shara da ƙasa, a kewaye shi da shinge, a haƙa ƙananan rijiyoyin awo kewaye da shi. Kuma aikin ba ya ƙarewa ranar da aka rufe wurin. A Amurka doka ta tilasta a ci gaba da kula da shi shekara 30 bayan rufewa, sabili da juji yana daɗewa yana tsatsa.

Saboda haka, duk ranar da aka zo da maganar kafa juji kusa da ku, ko kusa da ƙauyen da kuke saro kayan miya, ga abin da ya kamata mai unguwa da sarkin kasuwa da ƙungiyoyin mata su tambaya a bainar jama'a. Gaba nawa ake haƙawa a wurin kafin a cimma ruwa? Ƙasar yashi ce ko yumɓu? Ina ruwan ƙasa ya nufa, kuma rijiya nawa ke kan hanyarsa? Waɗanne wurare aka gwada kafin a zaɓi wannan, kuma mi ya sa aka bar su? An auna ruwan rijiyoyin tun kafin a fara, domin gobe kada a ce dama can haka yake? Wa zai riƙa awo, sau nawa a shekara, kuma ina za a manna sakamakon? Sharar likita da ta masana'antu ina za ta? In rijiya ta lalace, wa zai biya?

Wanda ya yi waɗannan tambayoyi ba alfarma yake roƙo ba. Dokar ruwa ta 2010 ta tanadi a keɓe fili na kariya kewaye da wuraren ɗibar ruwan sha. Doka mai lamba 2018-28 ta ranar 14 ga watan Mayun 2018 ta wajabta binciken illar manyan ayyuka ga muhalli kafin a fara su, tare da jin ta bakin jama'ar da abin ya shafa. Matsalar ita ce sau da yawa ana tara mutane ƙarƙashin rumfa, a karanta musu takarda da Faransanci, a raba lemo, a ce an shawarce su. A nemi a yi bayani da Hausa da Zabarmanci, a bar kwafin rahoton hannun masu gari, a ba su lokaci su kai wa wanda ya san aikin ya duba.

Mu ma da namu kason. Babban ɓangare na sharar da muke fitarwa yashi ne da toka da ragowar kayan miya, waɗanda manoma ke so su yi taki. Abin da ke maida ta guba ɗan kaɗan ne: batir, ragowar maganin ƙwari, baƙin mai, magani da ya lalace. In kowace kasuwa ta ajiye tano guda domin irin waɗannan, an rage rabin tsoron. Ita kuma leda, tun 2014 aka kafa dokar hana shigowa da maras kaurinta da sayar da ita, amma ga ta nan rataye bisa kowace ƙaya, kuma daga hannunmu take fita.

Kullum muna biyan tikitin kasuwa, kowace shekara muna biyan fatanti. Wanda ya biya kuɗɗin kwasar shara yana da ikon ya san inda aka sauke ta. Filin da ya fi araha ba lalle ba ne ya zama wanda ya dace, domin kuɗɗin da aka tsimi wajen sayen rami ana biyan ninkinsa wajen likita da wajen mai garuwa. Magabata su fara da awon ruwa da zaman shawara, sannan su kira masu haƙa. Ku kuma shugabannin ƴan kasuwa, a zamanku na gaba da magajin gari, bayan maganar rumfuna da haraji, ku sa maganar juji cikin jerin.